Zuwa ga Uwata, kan kariyar da kika saya

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan Kano lafiya lau, sai zafin bazara.

Mahaifiyarki ta nuna mini hoton shukar da kika saya a bakin titi, wadda mai lambun ya ce miki daga ƙasar waje aka kawo ta. Kariya ce. 'Yar dajinmu ce, tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan, ta gangara gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum. Mai lambun dai bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin manoman furanni a Tailan sun daɗe suna yi mata aure irin wanda ake yi wa mangwaro, suna fitar da masu fure ninki-ninki. Duba jikin taki, in kin ga tabon haɗi a ƙasan rassan, to 'yar aure ce.

In kina son ki tabbatar, fara duba gindinta. Kariya tana da gindi mai kumburi kamar tulu, ɓawonsa sumul, launin toka, kuma a nan take ajiye ruwanta. Ganyen yana taruwa ne a ƙarshen reshe, mai sheƙi, ya fi faɗi ta wajen baki. Furen dogo ne, ya buɗe gida biyar, gefensa ja ko ruwan hoda, cikinsa fari-fari. Akwai wata 'yar uwarta da ake shukawa a jikin katangar ofisoshi, furensu na kama, amma ita ganyenta siriri ne dogo, kuma ba ta da wannan gindin.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne ruwa. Na san halinki, duk abin da kika ƙaunata sai kin cika shi da hidima, ita kuwa kariya hidimar ce ke kashe ta. A nan ma in aka matsa mata da ban ruwa ruɓewa take yi, balle Fatakwal, inda ruwan da ke sauka a shekara ya ninka namu fiye da sau biyu. Ki fitar da ita daga baƙar ƙasar da aka sayar miki da ita. Ki sami tukunyar ƙasa, a huda gindinta sosai, ki zuba yashi mai tsakuwa, ki gauraya da ɗan dakakken gawayi da busasshen taki kaɗan. Kada ki binne kumburin nan, ki bar shi a sarari. Kafin ki ba ta ruwa, tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji sanyi-sanyi ki ƙyale ta. Da damina ki janyo ta bakin baranda, inda rana za ta same ta amma ruwan sama ba zai yi ta dukanta ba. Rana kam ba ta yi mata yawa, a inuwa ne take ƙin yin fure.

Lokaci-lokaci ki ɗan latsa gindin. Tauri shi ne lafiya. In kin ji ya yi laushi, ki tone ta, ki yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta har ki kai farin nama, ki bar ta a inuwa ta sha iska kwanaki kafin ki mayar. In kuwa ganye ta zubar da rani, kada hankalinki ya tashi ki kama kwarara mata ruwa. Ɗabi'arta ce, sau da yawa ma a lokacin take cika da fure, rassa tsirara.

Sai maganar jikokina. Ruwan da ke fita daga jikin kariya dafi ne, yana taɓa zuciya, mafarauta a sassan Afirka har kibiya suke shafa wa. Danginsu ɗaya da tumfafiya. Ki ɗora tukunyar inda ƙaramin ba zai kai ba, tunda har yanzu komai ya samu baki yake kaiwa. In kin yi yanka ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ido ko abinci, rassan da kika cire kuma kada akuyar maƙwabta ta same su.

In kina son ƙari, reshe ma yana kamawa, muddin an bar bakin yankan ya bushe tukuna, sai dai ba ya yin gindi mai kyau. Wanda aka shuka daga iri shi ke kumbura. 'Ya'yanta biyu-biyu suke fitowa, masu siffar ƙaho. Ki ɗaure su da zare kafin su fashe, don irin yana da gashi, iska kwashe shi take yi. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko makamancin haka.

Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara. Mahaifiyarki ta ce ki kira ta ranar Juma'a. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki.