Aminina, Ka Rubuta Bashin Nan

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya haƙuri da kasuwa? Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin ka kama sana'ar kanka. Allah ya sa albarka, ya kawo masu saye.

Sai dai akwai maganar da ka jefa a ƙarshe kamar da wasa, ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Ka ce kaya na fita, ciniki ba laifi, amma in wata ya ƙare sai ka nemi kuɗi ka rasa, shi ya sa kake neman wanda zai ƙara maka jari. Ni dai ban goyi baya ba, aƙalla yanzu. Na san halinka tun muna yara: ba ka iya cewa a'a. Mutum zai shigo da fara'a, ya tambayi lafiyar yara, ya ɗauki kaya ya ce "zuwa jibi in sha Allah", kai kuma kunya ta hana ka jawo littafi a gabansa. Jibi ta wuce, ya fara sauya hanya, kai ma ka fara kau da kai in kun haɗu. Ka ga an yi asara biyu, ga kuɗi sun tafi, ga zumunci ya yi tsami.

Abin da ke ba ni mamaki, muna ganin rubuta bashi kamar zargi ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka. Ta yi umarni a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Muminai aka faɗa wa haka, mutanen da suka fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba. To kai wa kake jin kunya? Kuma ayar 280 ta riga ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ka lura, ba ka iya yi wa mutum rangwame ko ka yafe masa da zuciya ɗaya sai ka san nawa kake binsa. Wanda bai rubuta ba, ba yafewa ya yi ba, cinye shi aka yi yana ƙunƙuni.

Sannan ka raba aljihunka da na sana'a. Uwar kuɗi ba taka ba ce, ta kasuwancin ce. Ka yanka wa kanka albashi kamar yaron shago, ka tsaya a kansa ko da ranar ciniki ya yi kyau. 'Yan kasuwar Benis ta Italiya sun daɗe da gane haka. Tsarinsu ne wani masanin lissafi, Luca Pacioli, ya bayyana a rubuce a 1494: kowane ciniki a shigar da shi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, in ɓangarorin ba su daidaita ba to akwai inda ke yoyo. Har yau a kansa akantoci ke tafiya. Kai ba sai ka kai can ba, littafi ɗaya da biro sun ishe ka, in dai kullum ne. Ko zakka, da yaya za ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 in shekara ta zagayo ba ka san kimar hajarka ba?

Batun ƙarin jari kuwa, ka tuna Abdurrahman bin Auf. Da ya isa Madina bayan hijira a 622, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ban ce karɓar jarin wani laifi ne ba, amma kuɗin mutane amana ce mai nauyi, kuma wanda bai iya riƙe nasa ba, na wani zai fi saurin zubewa a hannunsa, sunansa ya bi su.

Don haka ka zauna a daren nan ka lissafa duk wanda kake bi, har 'yan'uwa, kada ka tsallake kowa. In ka gama ka aiko mini jimillar kawai, ba na son sunaye, sai mu ga ko har yanzu kana buƙatar mai ƙara jarin.

Ka gaida mai ɗakinka da yara, da duk wanda ya tambaye ni.

Naka har kullum,
Amininka