Wasiƙa daga Yamai: maganar tudun nan na Kelbin 42

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin ƙasar mutane? Mu nan Yamai zafi ya kankama, sai godiya. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Na duba zanen awon garin MnO (haɗin manganis da oksijan) da ka turo, wanda ke nuna ƙarfin maganaɗisunsa yayin da zafi ke sauyawa. Don Allah kada ka yi saurin rubuta cewa ƙanƙantar ƙwayoyin ce ta mayar da shi maganaɗisu. MnO dai ka san halinsa: ƙasa da Kelbin 118 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi) atom ɗinsa na manganis suna jeruwa sahu-sahu, wannan sahu ya fuskanci gabas, na bayansa yamma, ƙarfinsu ya kashe juna. Masana kimiyya Shull da Smart sun nuna haka da niyutron (ƙwayoyin da ke cikin cibiyar atom) tun 1949. To kai kuma layinka ya yi tsalle ne ya fitar da tudu a wajen Kelbin 42, kuma abu biyu na sani da ke zaune a wannan wuri.

Na farko ɓawo ne. Ƙwaya mai faɗin nanomita 10 ko 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) da ta shaƙi iska, bayanta yakan koma Mn3O4, wani haɗin da ya fi MnO oksijan, shi kuwa yana kama maganaɗisu ƙasa da Kelbin 42. Ɓawon bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, don haka sau da yawa awon XRD, mai duba tsarin atom da hasken X-ray, ba ya ganinsa, amma a na'urar SQUID, mai auna maganaɗisu, shi ke danne komai. Ka dubi garin da idonka ma. MnO mai kyau kore ne. In ya fara komawa ruwan ƙasa, iska ta riga ta shiga.

Na biyun ya fi ba ni tsoro: oksijan da ya saci hanya ya shiga ɗakin samfurin na cikin na'urar. In ya daskare, yana sauya hali a wajen 44, ya fitar da tudu kusan a wuri ɗaya da na ɓawon.

Ga yadda za ka raba su. Ka ɗumama zuwa Kelbin 300, ka wanke ɗakin da heliyom sau uku ko fiye, ka sake awo. Ka kuma auna bututun robar da kwanson kafson da ke riƙe samfurin, ba gari a ciki. In tudun ya ragu ko ya ɓace, iska ce. In yana nan daram, ka sauka zuwa Kelbin 5 ba tare da filin maganaɗisu ba, ka sa fili mai ƙarfin Oersted 100, ka auna kana hawa; sannan ka maimaita da filin a kunne tun daga sama. Layukan biyu za su rabu ƙasa da 42. Ruwan azot ba zai kai ka can ba, a 77 yake tsayawa.

Awon da zan so in gani shi ne madauki, wato zanen da ake samu in an kai filin maganaɗisu gaba an dawo da shi baya, a Kelbin 5, bayan ka sanyaya daga 200 cikin fili mai ƙarfin Tesla 1. Mn3O4 yana buɗe madauki mai faɗi, oksijan ba ya yin haka. In kuma madaukin ya goce gefe, alama ce cewa ɓawon yana manne da cikin MnO. Sai dai ka kai filin Tesla 5 ko sama ta kowane ɓangare, domin madaukin da bai rufe ba yakan nuna gocewar ƙarya.

Ka daskarar da garin cikin kakin eikosan don kada ƙwayoyin su juya su bi filin. Kakin yana narkewa a digiri 37 na Salsiyos, ka ga a zafin Yamai na Afrilu sai an ajiye shi a firigo. Cokalin ƙarfe kada ya taɓa garin, ka yi amfani da na roba. Duk samfurin da za a aiko maka daga nan kuma a rufe shi cikin iskar argon, wadda ba ta haɗuwa da garin, a kwalba mai liƙaƙƙen baki, saboda jar ƙurarmu cike take da ƙarfe, kuma alamarta ba ta ɓacewa ko a 300.

Ka turo mini madaukin da awon bututun da babu komai, tare da ranar da aka haɗa garin. A gaida mutanen gida da yara.

Naka amini,
daga Yamai