Makiyayan Tsaunukan Kirit Da Cukunsu: Gyara Kan Batun Kiwon Yawo A Turai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi gyara kan wata magana da na karanta a shafin ra'ayi kwanakin baya, inda marubucin ya ce babu sauran wata ƙasa a Turai da ake kora dabbobi daga wannan makiyaya zuwa waccan, wai kowa ya killace nasa tun tuni. Maganar ba haka take ba. Na yi wata uku a tsibirin Kirit na ƙasar Girka lokacin wani kwas kan sarrafa madara, kuma abin da na gani a tsaunukansa ya isa hujja.

Kirit shi ne tsibiri mafi girma a Girka, tsawonsa daga gabas zuwa yamma ya kai kusan kilomita 260, kuma galibinsa duwatsu ne. Tsaunin Psiloritis da ke tsakiyarsa yana da tsayin mita 2,456, sannan a yamma akwai jerin tsaunukan da suke kira Lefka Ori, wato fararen tsaunuka. Yanayinsu kishiyar namu ne, domin da hunturu ruwan sama yake sauka a can, ƙanƙara ta rufe kawunan tsaunuka, sai kwaruruka da gaɓar teku su yi kore. Idan zafi ya shigo wajen watan Mayu, ciyawar ƙasa ta bushe, a lokacin ne kuma ƙanƙarar sama take narkewa, sabon tsiro ya fito. Saboda haka makiyayan garuruwa irin su Anogeia da yankin Sfakia suke hawa da tumakinsu da awakinsu zuwa filayen kan tsauni irin su Nida, ba sa saukowa sai sanyi ya fara kunno kai wajen Oktoba ko Nuwamba. A 2019 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta kai garke mashekari a jerin al'adun gadon ɗan Adam, bisa buƙatar haɗin gwiwa ta Girka da Italiya da Ostiriya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗakin da suke kira mitato. Bukka ce ta dutse zalla, zagayayya, wadda ake ginawa ba laka ba siminti. Magini yana jera faffaɗan duwatsu sahu bisa sahu, kowane sahu yana ɗan shigowa ciki fiye da na ƙarƙashinsa, har ginin ya haɗe a sama kamar tulluwa, a bar 'yar kafa ta fitar hayaƙi da shigar haske. Ƙofar gajera ce, sai mutum ya sunkuya. A gefe akwai shingen dutse na tatsa, akwai kuma ƙaramin ɗaki ko kogo mai sanyi inda cuku yake kwanciya ya nuna. A nan makiyayi yake kwana, a nan yake dafa madararsa, kuma sau da yawa dangi ne ko abokan tarayya suke haɗa garkunansu a mitato guda, su tara madarar, su raba cuku gwargwadon abin da dabbobin kowa suka bayar. Irin wannan gini na dutse ba laka shi ma UNESCO ta amince da shi a 2018.

Aikin cukun kansa yana farawa da asuba. Ana tatsa safe da yamma, a tace madarar cikin babbar tukunyar ƙarfe, a ɗora a wuta ta yi ɗumi, sannan a zuba abin daskarar da ita, wanda a gargajiyance ake samu daga tumbin ɗan rago ko ɗan akuya da bai fara cin ciyawa ba. Idan ta daskare, sai a yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar hatsi, a ƙara wuta ana juyawa ba tsayawa, har ruwan ya rabu da tsakin. Daga nan a kwashe tsakin a danna shi cikin mazubi, a matse, a yi masa gishiri, a kai shi kogo. Can za a riƙa juya shi ana gogewa har ya yi ɓawo, ya koma ruwan ɗorawa mai ɗanɗanon gyaɗa da ɗan zaƙi. Wannan shi ne graviera, sarkin cukun tsibirin. Ruwan da ya rage kuwa ba a zubar da shi. Ana mayar da shi kan wuta, a ƙara masa ɗan sabuwar madara, idan ya kusa tafasa sai wani farin cuku mai taushi ya taso sama, a kwashe shi da mara. Shi ake kira mizithra ko anthotiros, ana cin sa ɗanye da zuma, ko a yi masa gishiri a shanya ya bushe. Tukunya guda ta ba da cuku iri biyu ke nan, kuma na daɗe ina tunanin yawan madarar da take lalacewa a rugagenmu da damina saboda rashin irin wannan dabara.

A nan ne nake ganin marubucin da nake yi wa gyara ya tsallake abin da ya fi muhimmanci. Madarar da aka tatsa a kan tsauni, tafiyar yini daga kasuwa, ba ta da daraja idan ba a mayar da ita abin da zai jure watanni ba. Cuku ne ya riƙe makiyayin Kirit a kan dutsensa, doka kuma ta tsaya wa cukun. Tun 1996 Tarayyar Turai ta yi wa sunan graviera na Kirit rajista a matsayin suna mai kariya, ma'ana ba wanda zai sayar da cuku da wannan suna sai in a tsibirin aka yi shi, da madarar tumakin tsibirin, ko gauraye da ta awaki wadda ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma sai ya kwanta aƙalla wata 3. Dokar ba ta yi musu sassauci su ma ba, domin farin cukun feta da Girka ta yi suna da shi a duniya, ba a yarda a kira wanda aka yi a Kirit da wannan suna ba, tun da tsibirin ba ya cikin yankunan da aka keɓe masa.

Kiwon yana tafe da al'adunsa. Kowane gida yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbobinsa, kuma makiyayi yana gane garkensa daga nesa ta amon ƙararrawar da ya rataya musu. A ƙauyen Asi Gonia, ranar bikin Waliyyi Jojis, wanda Kiristocin wurin suke ɗauka majiɓincin makiyaya, ana kawo garkuna harabar coci a sa musu albarka, a tatse su a wurin, a raba madarar ga duk wanda ya halarta. Bikin yana faɗowa 23 ga Afrilu, sai dai idan ranar ta riga Ista, a ɗage shi zuwa bayanta. Lokacin askin ulu kuma gayya ake yi, maƙwabta su taru su taya, mai garke ya yanka raguna. Yadda suke gasa naman, a soke shi a tsinke a jera kewaye da wuta yana fuskantar ta, duk Bahaushen da ya gani zai tuna da tukubar mai tsire.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Satar dabbobi tsohuwar cuta ce a ƙauyukan tsaunin, kuma ta sha jawo gaba da ramuwar jini tsakanin dangi. Suna da hanyar sulhu da suke kira sasmos, inda dattawa masu faɗa a ji suke shiga tsakani, wani lokaci kuma a kai wanda ake zargi gidan ibada ya rantse. Bayan Girka ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1981, tallafin da aka riƙa biya bisa yawan kawunan dabbobi ya sa garkuna suka ƙaru fiye da abin da tsaunin zai iya ɗauka, ciyawa ta yi ƙaranci, aka koma dogaro da abincin saye. A 2025 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta ci Girka tarar kusan Yuro miliyan 400 kan yadda aka raba tallafin noma, bayan zargin cewa wasu sun karɓi kuɗi da sunan makiyayar da ba tasu ba, kuma an ambaci Kirit sosai a binciken. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin makiyayin gaskiya da yake tashi da asuba cikin sanyi shi ne ya kwashi kunyar da 'yan takarda suka jawo. A yau ma yawancin madarar a mota ake sauko da ita zuwa ƙananan masana'antun ƙauye, mitato da yawa sun zama kango, samari da dama sun gwammace aikin otal a bakin teku. Duk da haka garkunan suna hawa kowace shekara.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Matan makiyaya a Nijar suna yin cuku falle-falle su shanya shi ya daɗe bai lalace ba, kuma a Nijeriya da Benin ana daskarar da madarar shanu da ruwan tumfafiya. Roƙona ga jaridarmu shi ne ta tura wakili wajen masu yin cuku a yankunan Tawa da Filinge, ya tambaye su lita nawa suke sarrafawa a rana, nawa suke sayar da falle ɗaya, da kuma abin da yake hana cukunsu shiga shagunan Kano da Abuja da sunan garin da aka yi shi, sannan a buga amsoshinsu a shafin da aka buga wancan ra'ayi.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin aikin gona, Zariya.