Kafin ka miƙa wa yaro makullin mota

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku in yi magana da iyaye a Zariya kan yaran da muke bari suna jan mota, musamman ranakun biki da lokacin Sallah, daga Samaru zuwa Kwangila har Tudun Wada.

Dokar ƙasa ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi. To, kusan kowace takardar inshorar mota tana ɗauke da sharaɗin cewa direba ya kasance mai lasin da bai ƙare ba. Idan ɗan shekara 16 ya buge ɗan acaɓa, tambayar farko da kamfani zai yi ita ce lasin wanda ke kan sitiyari. In babu, kamfanin na da hujjar janye hannunsa, kuɗin asibiti da na gyara su dawo kan mai motar. Shi ma uban ba a barin sa, don barin marar lasi ya tuƙa motarka laifi ne mai zaman kansa. Wasu kan ce ai yaron ne ya ɗauka ba da saninsu ba, alhali makullin kullum a kan tebur yake.

Akwai kuma rashin fahimtar abin da muke saya. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 15,000 ga motar gida tun 1 ga Janairun 2023, wanda aka buge take biya: dukiyarsa har naira miliyan 3, sai kuma rauni ko rasa rai. Ba ta gyara motarka ko da bamba da lagireto sun yi kaca-kaca. Wannan aikin cikakkiyar inshora ne, wadda kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, kuma ita ma takan ɗora wa mai mota wani kaso na gyara in direban matashi ne ko sabon hannu. Sannan takardun bogi sun yi yawa. Kowa ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar motarsa, ya ga ko sunanta na cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora.

Idan tsautsayi ya faɗa, rai ne kan gaba: a kai wanda ya ji rauni asibiti, a adana kowane rasit, har na allura da hoton ƙashi. Kafin a janye motocin a ɗauki hoto ta kowane gefe, da lambobinsu, da sawun birki a kan kwalta, a karɓi lambar wayar shaidu biyu. A kai rahoto sashen kula da zirga-zirga na ofishin 'yan sanda mafi kusa a karɓi rahoton a rubuce, domin ba tare da shi ba da wuya fayil ya motsa. A sanar da kamfanin a rubuce cikin kwanakin da takardar ta ƙayyade, tare da kwafin lasin, takardun mota da ƙiyasin bakanike. Kada a taɓa motar sai jami'insu ya zo ya duba ɓarnar. Da yawa kan yi gaggawar kai ta gareji, a buga a fesa fenti, sannan a je neman kuɗi babu abin nunawa.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin sulhu. Mu mutane ne masu kunya. Dattawa kan taru a zaure a daren, uba ya ce ya ɗauki komai, har a rubuta a sa hannu. Sulhu alheri ne, kuma duba marar lafiya wajibi ne, amma sharuɗɗan inshora sun hana amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da izinin kamfani ba. A je gaisuwa, a taimaka da kuɗin magani, a jinkirta sa hannu har kamfani ya shigo maganar. Kada kuma a musanya direba a ce babban wa ne ke tuƙi. Shaidu sun gani, in ta fito fili an rasa biyan, ga tuhumar ƙarya a kai. Haƙƙin wanda aka raunata ko aka kashe masa ɗan'uwa yana nan a wuyanmu, ko kamfani ya biya ko bai biya ba.

Masu ƙyamar inshora saboda addini, akwai kamfanonin takaful (inshora bisa tsarin Musulunci) masu rajista da ke ba da irin wannan kariya. Wanda kuma ya cika sharuɗɗa aka riƙa yi masa jeka-ka-dawo, ya rubuta ƙorafi zuwa sashen koke-koke na NAICOM, ya haɗa da lambar takardarsa da kwafin duk wasiƙun da suka yi musaya.

Na gode.

Wani mai karatu,
Sabon Gari, Zariya