Mutumina, an sake raba kambun

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Shirun nan ya yi yawa, kuma na san dalilinsa. Tun daren da Dubois ya kwantar da gwaninka Anthony Joshua a Wembley ka rage kira, da an ɗauko zancen dambe sai ka ce aiki ya sha maka kai. Shekara ta zagayo har da ɗoriya, ai ya ci a ce ciwon ya warke. Dogo ma ya ce in tuna maka da alkawarin nan, ka san wanne.

A saƙonka na ƙarshe ka tambaye ni wa nake ganin zai iya da Usyk, zakaran damben ajin masu nauyi. Zan zo nan, amma bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai. Ka ji dai Usyk ya ajiye kambun ƙungiyar dambe ta WBO a wannan watan na Nuwamban 2025, an miƙa wa Fabio Wardley ba tare da sun haɗu ba. Wallahi abin ya dame ni. A ranar 19 ga Yulin 2025 mutumin nan ya buge Dubois a turmi na biyar, ya sake haɗa kambuna huɗu a hannunsa, ga shi wata huɗu kacal sun fara watsewa. Haka aka yi a 2024: ya doke Fury a Riyad ranar 18 ga Mayu, ko wata biyu ba a yi ba ya saki na IBF, don ba zai iya kare shi a lokacin da suka tsayar ba alhali akwai karawa ta biyu da Fury a gabansa. Ka tuna tun Lennox Lewis a 1999 ba a sami wanda ya haɗa sarautar ajin masu nauyi gaba ɗaya ba, shekara 25 muna jira. Shi ma Lewis ɗin bai daɗe ba na WBA ya fita daga hannunsa.

Matsalar a bayyane take. Ƙungiyoyi huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da jerin 'yan dambenta, kowacce da wanda ta wajabta wa zakara ya kara da shi, kowacce kuma tana yankar kasonta daga kuɗin duk karawar da aka sa kambunta. Manyan 'yan damben yanzu kuwa da ƙyar suke fitowa sau biyu a shekara. To mutum ɗaya ya zai biya buƙatar gida huɗu? Ga kuma kambunan riƙon ƙwarya da suke ta ƙirƙirowa, har ka rasa wa za ka kira zakara. Ɗan yayana ya tambaye ni wane ne zakaran duniya, sai da na yi masa dogon bayani, yaron ya gaji ya tashi. Wasan da yaro ba zai iya riƙe sunan zakaransa ba, ta ina zai sami sababbin masoya? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan.

Shi kansa Usyk ba ni da abin cewa a kansa sai yabo, kai ma in ka cire son rai za ka yarda. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, a ajin da ke ƙasa da wanda Joshua ya ci nasa zinaren a shekarar. Ya haɗa kambunan ajin da ke ƙasa da na masu nauyi a 2018, a Mosko ma, gaban mutanen Gassiev. Da ya hau sama kowa cewa yake jikinsa bai kai ba, har da kai, ina riƙe da maganarka. Sai ya doke Joshua sau biyu, Fury sau biyu, Dubois sau biyu. A karawa ta biyu da Fury an auna su, Fury ya fi shi da kilo wajen 25, amma alƙalai ukun duka suka ba Usyk maki 116 da 112. Bahago ne, ƙafarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, hannun damansa kullum yana fuskarka yana taɓa ka, sai ya bari ka gaji da bin sa sannan daga turmi na bakwai zuwa sama ya fara cin kasuwarsa. Turmi na tara na karawarsu ta farko da Fury har yau in na sake kallo tsigar jikina tashi take yi. Igiya ce ta riƙe ƙaton nan, ba don ita ba da tuni yana ƙasa. Zuwa Nuwamban 2025 ya yi karawa 24 ba a taɓa doke shi ba. Sai dai ya cika shekara 38 a 2025, kuma shekaru ba sa jin roƙo.

Kada ka ɗauka raina Wardley nake yi. Yaron yana burge ni ƙwarai. Bai taso ta damben masu koyo ba kamar sauran, daga damben ma'aikatan ofis ya faro, amma dubi inda ya kai. A watan Yunin 2025 Justis Huni yana gaba da shi nesa a maki, sai ya sakar masa dama guda a turmi na goma, magana ta ƙare. A Oktoba kuma ya tsayar da Joseph Parker a turmi na 11, Parker ɗin da ya doke Wilder da Zhang, ya kuma buge Bakole a turmi na biyu. Ni a ganina alƙalin wasa ya ɗan yi gaggawar shiga tsakani, amma zuciya irin ta Wardley ba a saye. Shi ya sa na so a ce a fage ya karɓi kambun ko ya rasa shi. An tauye shi, mu ma an tauye mu.

Af, ka ji labarin gwaninka kuwa? Joshua da Jake Paul, a watan Disamban 2025 a Miami. Mutumin da ya kwantar da Klitschko a Wembley a 2017 gaban mutum dubu 90, yau shi ne zai kara da yaron da ya yi suna a YouTube. Ina jiran in ji da wane baki za ka kare wannan. Ni abin tausayi yake ba ni, don ina ƙaunar Joshua fiye da yadda kake zato. Karawar da duniya ta so gani ita ce tasa da Fury a 2021, lokacin kambuna huɗun duka suna hannunsu su biyu. Aka yi ta ja har hukunci ya tilasta wa Fury komawa ga Wilder karo na uku, Usyk kuma ya kwashe na Joshua a watan Satumba. Fury ya ce ya yi ritaya a Janairun 2025, amma ka san sau nawa ya faɗi haka. Ko sun haɗu yanzu za mu kalla, sai dai ba wancan damben da muka yi ta musu a kansa ba ne.

Kafin in manta, ƙanenka ya zo ya gaishe ni, ya yi ƙiba abinsa, ya ce maganar nan ta kusa. Ka kira shi don Allah, yana jin nauyinka ne. Malam kuma jiki ya yi sauƙi sosai, har ya fara fita.

Wanda nake ganin ana zalunta a wannan ajin shi ne Agit Kabayel na Jamus. Makhmudov, Frank Sanchez, Zhang, duka ukun bai bari an je ga alƙalai ba, kuma da naushin ciki ya karya su, abin da ƙattin yanzu suka yi watsi da shi. Zhang ya kai shi ƙasa a turmi na biyar, ya tashi ya gama da shi a na shida. Ya ci kambun riƙon ƙwarya na WBC a 2025, amma da yake ba shi da surutu kuma ba ya tara jama'a kamar 'yan Ingila, masu kuɗin Riyad ba sa rawar jiki a kansa. Sai Moses Itauma, shi ma bahago, wanda ya gama da Dillian Whyte tun a turmin farko a watan Agustan 2025 yana ɗan shekara 20. Saurin hannunsa abin tsoro ne. Fargabata kada a yi masa gaggawa, don har yanzu ba mu ga yadda zai yi ba in aka kai shi turmi na goma yana haki, an fasa masa gira. Na san halinka, yanzu za ka sauya sheƙa ka koma bayansa tunda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ka ce dama can naka ne. Ban hana ka ba, amma ka rubuto ka faɗa da bakinka tun yanzu, kafin ya ci kambu.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Mutanen gidan nan duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka