Facalata ta mai da muryata abin dariya a cikin dangi

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Daga Aboabo nake rubuto miki, nan Kumasi, don Allah kar ki kama sunana a shirin.

Facalata ce ta tozarta ni, har yanzu in na tuna sai zuciyata ta hau tafasa. Saƙon murya na tura a WhatsApp na dangi kan kuɗin ankon bikin ƙanwar mazajenmu, to ni dama in ina magana akwai wani "eee... wato... kin gane" da yake shigo min, wallahi ba ni nake sa shi ba. Sai baiwar Allahn nan ta yanko wuraren kaɗai ta harhaɗa ta tura wa kowa, aka yi ta dariya har da surukata. Ita facalar tawa daga Kano aka auro ta, tun zuwanta take kwaikwayon Hausarmu ta Zango, wai mace da namiji duk "shi" muke ce musu, alhali ita ko gaisuwa ba ta iya da Tonanci, yaren Asante, ba.

Hajiya, atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia, kakata ce ta fara kai ni tun ina yarinya, rumfar ma tata ce asali kafin ta koma hannun gwaggona. A ciniki ɗaya sai in yi Tonanci in yi Hausa in taɓa Turanci, ta ina harshe ba zai tsaya ya nemi kalma ba? Kuma na kasa kunne, kowa yana da nasa. Matan Asante "saa" da "nti" ba sa barin bakinsu, samari "chale" ne farko da ƙarshe, masu zuwa sari daga Burkina sai su turo baki su ja wani "euh" mai tsawo sannan su ce "bon" kafin su taya. Malamin Islamiyyarmu da ya yi karatu a Madina ba ya gama jimla sai da "ya'ani", shi ba mai dariya, cewa ake ilimi ne. Ita kanta facalar tawa "ai ka ga" ne abincinta.

Abin da ma yake ɗaure min kai, in ina Tonanci "wato" ba ya zuwa, sai na koma Hausa. Shin kowane yare da nasa yake zuwa, ko koya ake? Don 'yata ta fara, jiya na ji tana "eee wato" gabana ya faɗi. Wata ta ce in'ina ce take somawa, wata ta ce baki ne, a nemi tofi.

Maigidana cewa ya yi in share, ai wasa ne. Yanzu ko waya aka kira ni sai in ƙi ɗauka, in rubuta. Ga shi ni aka ɗora wa sanar da gudummawa a lasifika ranar bikin, kuma na san tana can riƙe da wayarta. In ce ba ni da lafiya ne, ko in kai ƙararta wajen mijinta tukuna?