A Ciyar Da Ƙwayoyin Da Shara, A Bar Wa Mutane Hatsi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan sinadarin da ke sa sabulu da garin wanki su kama maiko su rabu da shi, wanda yawanci daga man fetur ko man ƙwarar kwakwa ake samo shi, alhali akwai ƙananan halittu, irin su ƙwayoyin bakteriya, masu iya haɗa irinsa.

Ilimin ba na yau ba ne. Tun 1949 aka gano cewa bakteriyar Pseudomonas aeruginosa tana fitar da irin wannan sinadari, a 1968 kuma masana a Japan suka samo wani daga bakteriyar Bacillus subtilis, suka sa masa suna surfactin. Abin da ya sa nake ƙaunar waɗannan sinadarai shi ne suna ruɓewa cikin sauƙi idan ruwan wanki ya gangara kogi. A 2024 kamfanin Evonik ya buɗe babbar masana'antar haɗa su a Sulobakiya.

Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sukarin masara ake ciyar da ƙwayoyin wannan masana'anta. A ganina bai dace a karkatar da hatsi zuwa tankin wanki ba, tunda ga baƙin ruwan da ke saura bayan tace sukari, ga ruwan da ake tsiyayewa wajen yin cuku, ga na matsar rogo, wanda masu bincike a Burazil suka nuna Bacillus subtilis tana ci ta ba da surfactin. Wannan ruwan rogo da ake zubarwa yana gurɓata rafuka, cike yake da sitaci da sukari.

Na san aikin yana da wuya. Shara ba ta zuwa iri ɗaya, ta yau daban, ta gobe daban. Na kuma taɓa tsayawa gaban tankin renon ƙwayoyin a ɗakin gwaji, ina kallon farar kumfa tana tasowa har ta bi bututun iska ta malalo ƙasa, ta kwashe ƙwayoyin da sinadarin tare. Tace sinadarin daga ruwa mai datti ma yana cin kuɗi ƙwarai. Don haka nake kira ga masu ba da kuɗin bincike su zuba shi wajen shawo kan kumfa da sauƙaƙa tacewa, a kuma kafa tankunan kusa da masana'antun da ke fitar da sharar, domin ruwan rogo ba ya jure doguwar tafiya kafin ya yi tsami.

Naka,
Mai karatu